BABA MAI GADI DA ƊAN AIKE: TSARON KWAMFUTA DA KIYAYE ƘA'IDOJIN INTANET

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga ya dace in tsaya a gabanku yau, alhali kuwa a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka koya mini lissafi da bulala a hannu, akwai kuma waɗanda na yi wa wanki da ɗebo ruwa ina ɗan aji ɗaya. Saboda haka idan kun ji muryata tana rawa, to, tsohon tsoro ne bai gama sakina ba.

Dalilin da ya sa aka ba ni wannan magana shi ne, kamar yadda kuka ji a rahoton ma'aji, ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin jawo intanet a ɗakin kwamfuta na makaranta. Ni kuwa aikina ke nan a ma'aikatar da nake, watau kula da hanyar sadarwar kwamfutoci. Da sakatare ya kira ni sai ya ce, "Kai dai ka zo ka gaya wa kwamiti yadda za a toshe ko'ina, kada wani mugu ya shigo." Na ce masa zan zo, amma zan fara da ba da labarin ranar da na toshe ko'ina da abin da ya biyo baya.

Kafin nan bari in tuna wa 'yan ajinmu wani abu. Muna aji uku aka yi sata a ɗakin kwana, shugaban makaranta na lokacin ya fusata, ya ba Baba mai gadi umarni kada wanda ya shiga, kada wanda ya fita, sai da takarda. Baba kuwa mutum ne da ba ya wasa da umarni. Washegari da la'asar wani yaron mota ya zo a guje, ya ce motar da ta ɗauko buhunan abincinmu ta tsaya a bakin ƙaramar gada, kayan sun yi mata nauyi, a aiko da baro ko ƙaramar mota a riƙa kwasa kaɗan-kaɗan. Baba ya ce, "Ina takardarka?" Yaro ya ce ba shi da ita. Baba ya ce, "To, koma inda ka fito." Mutanen kicin suna jira, ba su san abin da ke faruwa ba, mu kuwa ba mu ga tuwo ba sai bayan ƙarfe goma na dare. Ba a sake sata ba a wannan rana, amma dukkanmu mun sha yunwa. Ku riƙe wannan yaron mota a zuciya, domin za mu sake gamuwa da shi.

MENE NE ƘA'IDOJIN INTANET?

Intanet ba ta da sarki. Dubban hanyoyin sadarwa ne na kamfanoni da jami'o'i da gwamnatoci suka yarda su riƙa magana da harshe ɗaya. Wannan yarjejeniya ana rubuta ta ne a cikin wasu takardu da ake kira RFC. Ta farko wani ɗalibin jami'a a Amurka mai suna Steve Crocker ne ya rubuta ta a watan Afrilu na 1969, yanzu kuwa sun haura 9,000. Ƙungiyar masana da ake kira IETF, wadda ta fara zama a 1986, ita ce ke tsara mafi yawan waɗanda suka zama ƙa'ida. Ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu. Abin da ke sa a bi ta shi ne abin da ya sa kowane direba a Nijeriya yake bin hannun dama tun 1972: wanda ya ce shi hagu zai bi, shi da wanda ya yi karo da shi duk za su ji jiki.

Har wa yau, umarnin da ke cikin waɗannan takardu ba nauyinsa ɗaya ba. A 1997 aka fitar da takarda mai lamba 2119, wadda ta raba shi hawa uku. Akwai abin da aka ce "dole", akwai abin da aka ce "ya kamata", watau kana iya barinsa idan kana da ƙwaƙƙwaran dalili kuma ka san abin da barin zai haifar, sa'an nan akwai abin da aka ce "ana iya", wanda ya rage naka.

SAITIN DA NA'URA TA ZO DA SHI

Abu na biyu shi ne saitin asali, watau halin da na'ura take ciki ranar da aka fito da ita daga kwali. In tambaye ku, tsakani da Allah, mutum nawa ne a nan suka taɓa canza kalmar sirrin da na'urar intanet ta gidansu ta zo da ita? Na ga hannuwa ba su da yawa. Haka abin yake a duniya duka, shi ya sa saitin asali ya fi kowace doka ƙarfi, domin shi ne abin da yawancin mutane za su zauna da shi har na'urar ta mutu.

A 2016 duniya ta ga illar sakaci da wannan. Wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana neman kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet na gidaje, tana gwada musu sunaye da kalmomin sirri kamar guda 60 waɗanda masana'antu suka saba sakawa. Da wannan ɗan jeri ta mallaki dubban ɗaruruwan na'urori. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka auka wa kamfanin Dyn, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka na tsawon sa'o'i. Daga baya Birtaniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 2024, da ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai saukin cinka wadda kowa ya sani.

To, wanda ya ji irin wannan labari, ba laifi ba ne idan ya ce a kulle komai. Ni ma haka na ce.

RANAR DA NA ZAMA BABA MAI GADI

Ina da shekara biyu da kama aiki aka ba ni kula da katangar tsaro ta ma'aikatarmu, watau na'urar da ke tsaye tsakanin kwamfutocinmu da sauran duniya, tana tace abin da zai shiga da abin da zai fita. Ga ƙuruciya, ga takardar digiri, ga son a ce na iya. Wata ranar Alhamis da yamma ina duba jerin abubuwan da katangar ke bari su wuce, sai na ga wani nau'in saƙo da ake kira ICMP. Na tuna mun karanta cewa da shi aka riƙa kai hare-hare a shekarun 1996 zuwa 1998. Ban tambayi kowa ba, ban rubuta a ko'ina ba, na hana shi shigowa gaba ɗaya, na kulle ofis na tafi gida ina jin na yi abin kirki.

Ranar Litinin aka fara tantance tsofaffin ma'aikata masu karɓar fansho a ofisoshin shiyya. Tsarin shi ne jami'i ya shiga babbar kwamfutarmu ta hedkwata, ya buɗe fayil ɗin mutum wanda aka ɗauki hoton takardunsa, ya gwada da na hannunsa, ya sa hannu. Kafin azahar waya ta fara ƙara. Jami'ai suna shiga lafiya, suna ganin jerin sunaye lafiya, amma da zarar sun taɓa fayil sai kwamfuta ta tsaya tana juyi, ba ta buɗe ba, ba ta kuma ce ga matsala ba. A hedkwata kuwa komai yana tafiya sumul. Muka ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, muka ɗora wa wutar lantarki, muka ce kwamfutocin shiyya ne suka tsufa.

Ranar Laraba wani jami'i ya kira ni ya ce, "Yallaɓai, akwai wani dattijo a nan, tsohon malamin firamare ne, kwana uku ke nan yana zuwa daga ƙauye. Yau ya ce mini kuɗin motarsa sun ƙare, a baranda zai kwana." Iyayena malamai, wannan magana har yau ba ta bar ni ba, domin da na rufe ido ku nake gani.

Ranar Alhamis wani abokin aiki da ya girme ni ya dawo daga hutu. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Me ka taɓa kafin abin ya lalace?" Na ce, "Ban taɓa komai ba, tsaro kawai na ƙara." Ya yi murmushi ya ce, "To, ai shi ne ka taɓa."

Ga abin da ya faru. Bayani ba ya tafiya a intanet a dunƙule, ana yanka shi ne ƙunshi-ƙunshi. A yawancin hanyoyi ƙunshi mafi girma da zai iya wucewa shi ne mai bayit 1,500, bayit ɗaya kuwa kamar harafi ɗaya ne. Ofisoshinmu na shiyya suna haɗuwa da hedkwata ta wata keɓaɓɓiyar hanya da ake kira VPN, wadda take ƙara naɗe kowane ƙunshi a cikin wani ambulan na sirri. Ambulan ɗin yana cin wuri, saboda haka hanyar ta zama ƙaramar gada, ba ta ɗaukar cikakken ƙunshi. Masu tsara intanet sun san za a riƙa samun irin wannan, shi ya sa tun 1990, a takarda mai lamba 1191, suka shimfiɗa yadda za a yi. Idan ƙunshi ya iso bakin ƙaramar gada ya kasa wucewa, na'urar da ke wurin za ta yar da shi, ta aika wa mai kayan ɗan gajeren saƙo cewa kayanka sun yi girma, ga iyakar abin da gadar ke ɗauka, ka rage. Wannan ɗan saƙo nau'in ICMP ne. Shi ne yaron motar nan, ni kuwa na zama Baba mai gadi.

Kalmar sirri da jerin sunaye ƙananan ƙunshi ne, suna wucewa. Hoton takardu kuwa manyan ƙunshi ne, suna isa gada a yar da su, a aiko ɗan aike, katangata ta kore shi, babbar kwamfuta ta yi ta sake aika kaya iri ɗaya ba ta san abin da ke faruwa ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da abokin aikin nan ya nuna mini takarda mai lamba 2979, wadda aka fitar a shekara ta 2000, tun ina firamare. An rubuta ta ne musamman a kan katangun tsaro, kuma ta faɗa ƙarara cewa kada katanga ta tare wannan saƙo. A hawan "dole" aka sa shi. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba: muka buɗe wa wannan saƙo ɗaya ƙofa, muka bar sauran da ba mu bukata a rufe. Na amsa takardar tuhuma, kuma na cancance ta. Garin neman gira na kusa rasa ido, idon kuma ba nawa ba ne, na bayin Allah ne da suka yi wa ƙasa aiki shekara talatin da biyar.

WANI LOKACI ƘA'IDAR CE KE DA LAIFI

Kada wani ya tashi daga nan yana cewa wane ya ce a bi ƙa'ida ido rufe. Waɗanda suka rubuta ƙa'idojin farko sun rubuta su ne lokacin da intanet take kamar ƙaramin ƙauye, kowa ya san kowa, ba a kulle ƙofa. Da gari ya cika, wasu daga cikin ƙa'idojin sun zama tsanin ɓarawo.

Alal misali, a kowace hanyar sadarwa akwai wani adireshi da idan aka aika masa saƙo, duk kwamfutocin da ke wurin za su ji, kamar mai shela ya tsaya a tsakiyar kasuwa. Takarda mai lamba 1812 ta 1995 ta ce na'urorin da ke raba hanya su zo a saitin da zai bar irin wannan saƙo ya shigo ko daga waje ne. Sai miyagu suka gano dabara. Mutum zai aika shela yana cewa kowa ya amsa, amma a wurin sunan mai aikawa sai ya rubuta adireshin wanda yake so ya cuta. Nan take ɗaruruwan kwamfutoci za su yi wa wannan bawan Allah ruwan amsa har hanyarsa ta toshe. Wannan shi ne harin da aka yi wa laƙabi da Smurf, wanda ya addabi intanet a 1997 da 1998. Masu kula da hanyoyin sadarwa ba su jira ba, suka riƙa rufe wannan ƙofa. A watan Agusta na 1999 IETF ta fitar da takarda mai lamba 2644 ta juya ƙa'idar, ta ce daga yanzu a rufe na'ura za ta zo.

An sake yin irin haka a 2007. A sabon tsarin adireshin intanet da ake kira IPv6 akwai wata dama da aka ba mai aika ƙunshi ya lissafa tashoshin da yake so kayansa su bi. A watan Afrilu wasu masana biyu daga Faransa suka nuna a wani taro a Kanada cewa ana iya sa ƙunshi ɗaya ya yi ta kai da kawowa tsakanin na'urori biyu har ya cushe hanya. Cikin 'yan kwanaki masu kula da manhajojin OpenBSD da FreeBSD da Linux suka kashe wannan dama, duk da cewa ƙa'idar lokacin ta ce a yi aiki da ita. Kafin shekara ta ƙare, a watan Disamba, takarda mai lamba 5095 ta soke ta.

To, mene ne bambancina da waɗannan mutane, tun da ni ma ƙofa na rufe don tsaro? Su sun san ainihin abin da suka rufe, sun ga cutar da yake yi da idonsu, sun auna wanda rufewar za ta shafa, sun sanar da duniya, sa'an nan suka koma wurin masu ƙa'ida aka gyara ta. Ni kuwa suna kawai na ji na tsorata, na yi wa dangi duka kuɗin goro.

Irin wannan gadi nawa yana da wata illa da ba a gani nan da nan, watau yana hana ci gaba. Lokacin da ake shirya sabon tsarin ɓoye bayanai na TLS 1.3, wanda aka kammala a 2018, kuma shi ne ke kare da yawa daga cikin hulɗarmu da bankuna a yau, an tarar na'urorin tsaro masu yawa suna yar da duk abin da ba su saba gani ba. Sai da aka yi wa sabon tsarin shigar burtu, ya yi kama da tsohon, kafin ya samu wucewa. Ku duba fa, na'urorin da aka saya don tsaro su ne suka tare hanyar tsaron da ya fi nasu.

SHAWARA GA KWAMITI DA SAURAN 'YAN'UWA

Ga abin da nake roƙon kwamitin ɗakin kwamfuta. Na ɗaya, a fara da rufe duk ƙofar da makaranta ba ta bukata, a canza kowace kalmar sirri da na'ura ta zo da ita tun ranar farko. Wannan ba ya saɓa wa wata ƙa'ida, kuma rigakafi ya fi magani. Na biyu, kafin a tare wani abu da ƙa'ida ta ce "dole", a nemi sanin aikin da yake yi, a tambayi wanda ya sani. Na uku, a ajiye littafi, irin littafin da Baba yake rubuta masu shiga da fita, duk wanda ya canza saiti ya rubuta rana da abin da ya canza da dalili. Da na yi haka, da matsalar kwana huɗu ta ƙare a sa'a ɗaya. Na huɗu, bayan kowane canji a gwada daga wurin mai amfani, a sa ɗalibi ya buɗe shafin rajistar jarrabawa, ya sauko da babban fayil, ya aika hoto. Kada a yi canji ana gobe rufe rajista. Na biyar, a riƙa sabunta manhajar na'urori, domin ta nan ne gyare-gyaren ƙa'ida irin waɗanda na ambata suke isowa.

Wanda za a ba kwangilar aikin kuma, idan ya ce muku ya kulle komai, ku tambaye shi me da me ya bari a buɗe, kuma don me. Idan ya kasa amsawa, a nemi wani.

Sauran 'yan'uwa da ba ruwansu da kwamfuta, na san a cikinku akwai likitoci da ma'aikatan banki da jami'an tsaro da shugabannin ma'aikatu. Kowannenku yana da ƙofar da yake gadi, kuma kowannenku zai iya tuna ranar da wata doka da aka kafa don kare jama'a ta koma tana wahalar da su. Abin da na koya daga dattijon da ya kwana a baranda shi ne, duk lokacin da zan ƙara kwaɗo a ƙofa, in fara tambayar kaina wane ne zai zo gobe da halastacciyar bukata ya tarar da ita a rufe.

Daga ƙarshe ina sake godiya ga malamanmu, waɗanda suka yi haƙuri da mu lokacin da ba mu san ciwon kanmu ba. Baba mai gadi ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Bai yi laifi ba, umarni aka ba shi ba tare da bayani ba. Mu da aka ba ilimi a wannan makaranta ba mu da irin wannan uzuri. Na yi wa sakatare alkawari zan ba da ranakun Asabar biyu in zo a yi saitin ɗakin kwamfuta tare da ni, kyauta, kuma ina kira ga 'yan'uwa masu wannan sana'a su zo mu haɗa hannu.

Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ƙara haɗa kanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.